Rawar da Ruwa Ya Katse

A wani daji da ke bayan dutse akwai wata tsohuwar makaranta a gindin tsamiya, wadda ta yaye dabbobi da yawa kafin gara ta cinye bencinanta. Waɗanda suka fita aji ɗaya a wata shekara sun girma, sun yi iyali, wasu har furfura ta cika musu gemu, amma ba su yar da juna ba. Suna ko biki ko ta'aziyya, duk abin da ya sami ɗaya sai ka ga sauran sun cika masa ƙofar gida. Ni dai ban taɓa ganin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai riƙon zumunci irin tasu ba, duk da na san yawan surutunsu.

Wata rana suka yanke shawarar maimaita rawar sallama, wato rawar da ɗalibai kan yi ranar barin makaranta. Aka kafa kwamiti, aka ba Raƙumin Dawa shugabanci, domin shi ne monitan ajinsu, kuma har gobe Monita suke kiransa. Shi kuwa in ka ambaci ƙa'ida ka gama da shi.

Ya miƙe a zaman farko ya ce, "'Yan ajinmu, ba sabon biki za mu yi ba. Na da za mu dawo da shi yadda yake. Fili gindin tsamiya, lokaci bayan la'asar, wata kuwa na tsakiyar damina, kamar wancan karo. Kowa ya nemo irin rigarsa ta makaranta. Zoɓo za a sha, ƙuli-ƙuli za a ci, ban yarda da abincin zamani ba. Duk wanda ya ƙara ko ya rage, ya ɓata mana tarihi."

Suka duƙufa, kuma wallahi sun burge ni. Dorina ta kai wa tela tsohuwar rigarta, ya duba rigar, ya duba mai rigar, ya nemi a ba shi lokaci ya yi tunani. Kura, da aka damƙa wa abinci, ta dage sai an tsinka zoɓon da ruwa kamar yadda kukun makaranta yake yi, don a ji ɗanɗanon ƙuruciya. Biri ya sake wa kalangunsa fata.

To, makarantar nan tana da wata al'ada. Komai bisa tsawo ake yinsa, dogo ya fara, gajere ya biyo baya. Haka rawar take: kowa ya shiga fili shi kaɗai, makaɗi ya buga masa takensa, ya taka ya fita. A wancan karon Monita ne ya buɗe, Hajiya Jimina ta biyo shi, ta yi ta juyi har yau ana labari, musamman daga bakinta.

Ranar gwaji Monita ya ce kowa ya faɗi rawar da ya yi a da, don a maimaita ta ba kuskure. Aka yi ta bi har aka kai ƙarshen layi, inda Tabawa Bushiya take tsaye, wata 'yar tsohuwa mai jikoki wadda ba a taɓa yin taro babu ita ba.

Ta ce, "Monita, ni a bar ni da randa kawai, in riƙa miƙa wa masu rawa ruwa."

"A'a Tabawa, ƙa'ida ƙa'ida ce. Wace rawa kika yi?"

"Ban yi ba. Ana kan Zomo ruwa ya sauko, kowa ya yi ta kansa. Washegari aka watse gida. Na dai koyi wata rawa a bayan kicin tsawon zangon karatun nan, ban san ko ƙafata za ta tuna ba."

Shekara da shekaru suna cin tuwon sunan jikokinta, babu wanda ya taɓa lura. Kunya ta kama su, kuma ta dace ta kama su.

Hajiya Jimina ta gyara zaman mayafinta ta ce, "Allah Sarki, abin da tausayi. Amma Monita, kai ka ce yadda yake za a yi. Ruwa ne ya yi mata, ba mu ba. A bi layi kamar da, in Allah ya sa an kai kanta, shi ke nan." Kowa ya san ba za a kai ba. Damina ce, gwiwoyi sun tsufa, kuma Hajiya ta ɗinka sabon zani.

Monita ya dubi saman tsamiya ya ce, "Ina da tambaya. A wancan ranar, wa ya yi addu'ar tashi?"

Aka dubi juna. Babu wanda ya yi, gudu aka yi.

"To a makarantarmu taro ba ya tashi sai an shafa fatiha. Ashe rawar nan ba ta ƙare ba, fakewa muka yi, fakewar ce ta yi tsawo. Ba a maimaita abin da bai ƙare ba, ci gaba ake yi. Ni na yi tawa. Hajiya ta yi tata, har da ta wasu. Daga kan Zomo za a ɗora."

Hajiya Jimina ta ja mayafinta, aka tashi.

Ranar biki, kamar an aika masa goron gayyata, hadari ya haɗu ta gabas. Zomo ya yi taku kaɗan ya fice. Kurege, wanda shi ma ruwan ya hana a da amma ya shirga ƙarya ranar gwaji, kuma bai taɓa yin abu a taƙaice ba, ya juya sau ɗaya ya ce ya gaji. Tabawa ta shiga fili, ruwa ya fara yayyafi.

Babu wanda ya motsa. Biri ya dubi sabuwar fatar kalangunsa da za ta jiƙe ta daina amo, sai ya ji inuwa a kansa. Hajiya Jimina ce ta buɗe fukafukanta ta rufe shi, sabon zaninta na shan taɓo. "Buga mana," ta ce, "me kake kallo?"

Ƙafar Tabawa ta tuna. Ba wata rawar a zo a gani ba ce, taku biyu gaba, ɗaya baya, sai ta dunƙule ta mirgina ta miƙe tana dariya kamar 'yar aji ɗaya. Dogayen kuwa ba sa hango ta daga sama, dole suka durƙusa. Monita ya sauke wuyansa har haɓarsa ta taɓa ƙasa, ya zauna a haka sai da ta gama don kanta. Sannan ya ɗaga, ruwa na zuba a fuskarsa, ya ce a shafa fatiha.

Bayan bikin Monita ya yi ta jinyar wuya. Likita ya duba shi ya ce ba tsufa ba ne, rashin sabo ne.