Sarkin Gyangyaɗi a Kwamfutar Ofis

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, wadda na zauna gaban kwamfuta ina ɗora mata laifi alhali na san sarai laifin nawa ne.

Ni ce sakatariya a ofishin wata ƙungiyar manoma a Birnin Kudu. Shugaban shiyya kuwa, wanda duk takardunmu suke bi ta hannunsa, yana Gwaram, kuma shi ne mahaifin mijina. To kun san mace ba ta kama sunan surukinta (ko a nan ba zan rubuta shi ba, kada ku sa rai). Ranar da zan ajiye adireshinsa a manhajar imel sai hannuna ya ƙi rubuta sunan. Na so in sa "Baba", amma akwai Baba har huɗu a jerin. Sai shaiɗan ya tuna min yadda yake yi a taro: da an buɗe da addu'a, kafin a shafa, kansa ya fara rusunawa. Na rubuta "Sarkin Gyangyaɗi", na yi dariyata ni kaɗai. Shekara biyu da wannan sunan nake nemo shi in tura masa saƙo, a zatona ni da kwamfuta kaɗai muka sani.

A Juma'ar nan matan ƙauyen Surko masu ƙuli-ƙuli suka zo da takardunsu na neman injin matsar man gyaɗa. Baba ya ce duk takardun da ba su iso shi ba kafin ya fita masallaci, to sai baɗi, don daga can zai wuce Dutse da su. Matan suna kan benci a waje, shugabarsu Inna Hanne tana leƙe ta taga. Shi kuma manajanmu, Malam Sule, wanda bai taɓa zama a ofis na awa guda ba, ranar ya ja kujera ya dasa ta a bayana.

"Tura wa surukinki yanzu, ina gani," ya ce.

Na kai hannu wurin neman suna na tsaya.

"Au, na manta, kunya," ya ce yana murmushi. Ya miƙo hannu ya rubuta sunan Baba da kansa. Babu abin da ya fito. Ya goge ya sake, har da Alhaji a gaba. Shiru.

"Ranka ya daɗe, wurin neman nan ya kwana biyu yana wannan iskancin," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

Daga nan na shiga gyaran ƙarya. Na rufe manhajar na buɗe. Na kashe kwamfutar na kunna. Na zare wayar intanet na hure mata baki na mayar (har yau ban san amfanin hurewar ba). Duk fatana Malam Sule ya gaji ya ce "ina zuwa" kamar yadda ya saba, ya ba ni daƙiƙa goma kawai. Mutumin nan ko motsi bai yi ba. Ya kira Baba don ya karanto adireshin, waya ta ƙi shiga.

Sai Inna Hanne ta turo kai ta taga. "'Yar nan, lafiya dai? Kada fa mu koma da hannu muna matsar man nan. Dubi yatsuna."

Na dubi yatsun, na dubi agogo, sha biyu ta gota. Wallahi tausayi ya kama ni, kunya kuma ta fi shi. Na runtse ido na rubuta harafi uku. Adireshin ya faɗo tsaf, da sarautarsa a gaba.

Malam Sule ya gyara tabarau ya karanta a hankali, da ƙarfi, yadda har na kan benci za su ji: "Sarkin... Gyangyaɗi." Can ya ce, "To, ni fa?" Kafin in tare, ya rubuta nasa adireshin. Kwamfutar da na yi wa sharri ta rama: "Malam Ina-Zuwa".

A ruɗe na danna turawa don a wuce wurin. Minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo daga Gwaram, Malam Sule ya sake karantawa a fili:

"'Yata, saƙo ya iso amma babu takarda a maƙale. Na duba da kyau, kuma idona biyu. Naki, Sarkin Gyangyaɗi."

Ashe duk sunan da ka ajiye mutum da shi, yana tafiya tare da saƙon, ya gan shi a sama ɓaro-ɓaro. Shekara biyu bawan Allah yana gani. Shekara biyu ina durƙusawa har ƙasa ina gaishe shi, yana amsawa da "Allah ya yi miki albarka".

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma aiki bai ƙare ba. Na maƙala takardun, manhajar ta ce sun yi nauyi, don hotuna ne na ɗauka da waya. Dole na raba su gida uku, na tura ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya isa sai amsa ta dawo: "Ya iso. Sarki." Na ukun ya shiga ana kiran farko na sallar Juma'a. Daga baya matan Surko suka sami injinsu, suna ta sa min albarka, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Da muka je Gwaram gaisuwar Sallah, na durƙusa daga bakin ƙofa, murya can ƙasa. Baba ya dubi ɗansa ya ce, "Ka ce mata ta ɗaga murya, kada barci ya ɗauke ni."

Yanzu kowa a kwamfutar nan sunansa na yanka ne, shi kuma na mayar da shi "Baba na Gwaram". Abin da na koya shi ne, in za ki yi gulmar surukinki, ki yi ta a zuci. Kwamfuta ba ta san kunya ba, har gida take kai masa.