Alhaji Misbahu da Birkin Iska

Duk tashar Daura babu wanda ya san mota kamar Alhaji Misbahu. Maganar nan tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta. Ya yi shekara da shekaru yana jan tasi tsakanin Daura da Zango, har ramukan hanya sun san ƙarar motarsa. 'Yan tasha suna kiransa Injiniya, shi kuma yana amsawa, bai taɓa juyawa ya dubi fuskar masu kiran ba.

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci, ƙungiyar direbobi ta ware reshen manyan motoci, aka ce za a zaɓi shugaba. Sharaɗin guda ne: sai mai lasin babbar mota. Isyaku, wanda ya yi furfura a kan tirela, ya fito takara. Injiniya ma ya fito. Ya ɗinka babbar rigar rantsuwa, ya zaɓi inda zai ajiye kujerarsa a ofis. Lasin kaɗai ya rage, kuma wannan ƙaramin abu ne.

"Mota mota ce," in ji shi a rumfar mai shayi. "Babba da ƙarama, ƙafa ce ke tsai da su. Ni kuwa ƙafata ta yi karatu mai zurfi."

Ya ari kan tirela wurin Alhaji Sada, yayan matarsa. Alhaji Sada ya so ya yi masa bayani: birkin iska ba irin na tasi ba ne. Inji ne ke tara iska a tanki, kowane taku yana rage ta, in ta yi ƙasa sosai ƙafafun motar su kulle kansu har sai ta sake taruwa. Injiniya ya saurara yana gyaran hula. Da aka gama, ya ce ƙanwar Alhaji ya aura, bai zo gidan ɗaukar darasi ba.

Abu ɗaya dai ya koya da gaske. In an taka birkin an saki, motar tana yin wani huci, tsss, mai sa kaji su watse. Lokacin kuwa makaɗa da maroƙa sun yi sanyi a gari, babban mutum sai ya isa taro shiru kamar ɗan aike. Injiniya ya ga Allah ya kawo masa madadi.

Ranar gwaji direban Alhaji Sada ya kai motar filin gwaji, wani wuri mai katanga da ƙofa ɗaya. Magoya baya suka rako Injiniya a kan babura. Jami'in gwaji, Malam Lawal, mutum ne marar hayaniya. Ya tambayi Injiniya me direba zai fara dubawa kafin ya ja babbar mota.

"Malam, ni ba na duba mota," in ji Injiniya. "Mota ce ke duba ni."

Malam Lawal ya nuna masa agogon iska, ya tambaye shi ina ya kamata allurar ta kai. Injiniya ya yi murmushi irin na tausayi, ya ce allura ta 'yan koyo ce, manya da kunne suke tuƙi. Malam Lawal ya ce to madalla, ya umarce shi ya zaga fili da motar, ya fita ƙofa, ya dawo.

Injiniya ya hau, ya tattare riga, ya ja mota. Ya zo daidai mutanen Zango, ya gaishe su da tsss. Ya zo wurin 'yan unguwarsu, tsss, tsss. Ya hango Isyaku zaune a gindin dalbejiya, ya ba shi nasa rabon har da ƙari. Jar fitila ta kama a gabansa, ƙararrawa ta soma kuka. Injiniya ya gane matsalar nan take: birki ya yi sanyi. Maganin kuwa kowane ɗan tasi ya san shi, a tattaka har ya yi tauri. Ya tattaka da iyakar ilminsa.

Daidai tsakiyar ƙofa motar ta ƙame. Hularsa ta riga shi isa gilashi.

Wani direban zai ruɗe. Injiniya kuwa kashe inji ya yi, domin ƙararsa tana hana jama'a jin bayani. Malam Lawal ya ɗaga murya ya ce a tayar a bar ta ta tara iska. Injiniya ya ɗaga masa hannu, ya ce yallaɓai ya yi haƙuri, ana magana.

"Jama'a, kun ga aikin hassada da idonku," in ji shi daga taga. "Akwai masu tsoron akwatin zaɓe, kuma mun san inda suke kai kuɗin goro. Amma motar da ta gagare ni ba a ƙera ta ba tukuna. A tura."

Suka tura, kamar yadda ake yi wa tasi da safe. Magidanta da gemunansu suka jingina kafaɗa da ƙarfe, takalma suna zamewa a ƙasa, Injiniya yana sama yana cewa saura kaɗan. Motar ba ta ko yi gezau ba. Masu jiran gwaji suka taru a waje, masu son zuwa azahar suka taru a ciki. Mai fura ta miƙa ƙwaryarta ta saman katanga.

Da gumi ya ishi kowa, Malam Lawal ya roƙi Injiniya ya sauko ya huta. Shi kuma Malam Lawal ya hau, ya tayar da inji, ya naɗe hannu ya zauna. Allura ta tashi a hankali, ƙararrawa ta yi shiru, ya ja motar gefe. Ya ce Alhaji Misbahu ya dawo bayan babbar salla. Zaɓe kuwa kafin azumi ne.

Isyaku ya hau kujera babu abokin takara. Amma ƙungiya ba ta tozarta gwani. Dattawa suka zauna, suka ce irin baiwar da aka gani a filin gwaji bai kamata ta tafi a banza ba. Yanzu in ka shiga tashar, za ka sami Injiniya cikin rigar rantsuwa, riƙe da igiyar bakin ƙofa. Ya ce sunan muƙamin Babban Daraktan Shige da Fice.