Yadda Nomau Ya Binne Ni a Kwamfuta

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu na bara, aka fara cin mutuncina. Ni ne Malam Jatau Barmo, shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi a Dutsen Baure, kuma ina nan da raina. Sai na faɗi haka tun farko domin kundin garinmu ya ce na mutu.

Nomau ɗan Inna Kande ne, yana da shekara arba'in, su biyu ke zaune a gida sai tunkiya ɗaya. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Shi Kwamitin Tarihin Gari ya ɗauka ya shigar da sunayen mutanenmu a kwamfuta, na da da na yanzu, wai don ba ya gardama. A cikin sunayen akwai Jatau huɗu: ni, da mai faci, da wanzami, sai Jatau Mai Gatari, jarumin da kakanni suka ce ya kashe dodon rijiya, aka binne shi a gindin tsohuwar kuka.

A wannan Talatar sakataren kwamiti, Haladu, ya ce, "Nomau, Jatau sun warwatse. Haɗa su wuri guda." Nomau ya haɗa mu muka zama mutum ɗaya. Kundi ya ce Jatau ya kashe dodo, ya koyar da lissafi, yana facin taya, yana aski, ya kuma rasu shekara ɗari uku da suka wuce.

Wata rana Haladu ya ce a nemo hoton Jatau a saka. Nomau ya zo ƙofar gidana ya ɗauke ni ina alwala. Kafin Juma'a hoton ya shiga wayar kowa, an rubuta "Marigayi" a ƙasansa. Na fara tarar da farin goro da ƙwaryar nono a bakin zaurena, ba sawun kowa. In na yi sallama a majalisa sai a yi tsit. A masallaci aka riƙa barin gurbin mutum ɗaya a damana da haguna.

Wata rana na kai ƙara wurin kwamiti. Haladu ya yi dariya ya ce, "Nomau, je ka duba da idonka ko Malam na da rai." Yini guda Nomau yana biye da ni, taku uku a bayana. Ina cin tuwo yana tsaye a taga yana kallon maƙogwarona. Washegari ya gyara kundi: "Ya rasu, amma yana motsi." Daga ranar mai shayin unguwarmu ya ware mini kofi, ya kife shi can nesa da sauran.

Wata rana haƙurina ya ƙare, na tare shi a bakin kasuwa. Na ce, "Kai Nomau, in ba ka iya rarrabe mu ba, je ka kira sunan a gindin kuka ka ga wa zai amsa!"

Ya ce, "To, Baba Malam."

Ranar Asabar da tsakar rana ya tattaro mu uku ya kai mu gindin kukar. Mai faci ya ce, "Ni fa na bar taya a buɗe." Wanzami ya ce, "Yi shiru, ɗan'uwana a mutuwa." Nomau ya buɗe littafi ya ɗaga murya, "Jatau!"

Na ce na'am. Mai faci ya ce na'am. Wanzami ya ce na'am. Nomau ya tsaya yana jira. Iska ta ɗauke, tsuntsaye suka yi shiru, ko ƙuda ba ka ji. Sai wani ya yi tari daga cikin kogon kukar, tari irin na tsohon da ya daɗe bai yi magana ba. Ni malamin lissafi ne, na ƙirga mu sau biyu, mu huɗu ne har da Nomau, kuma ba wanda ya buɗe baki.

Nomau ya ce, "Wancan tari ya yi, bai ce na'am ba. Ba zan sa shi cikin masu rai ba." Ya ja layi a littafinsa, uku a sama, ɗaya a ƙasa. Abin da ya gagari kwamiti wata bakwai, Nomau ya raba shi da kira ɗaya.

An gyara kundi, amma har yau akwai masu sauya hanya in sun hango ni. Ba na neman komai wurin Nomau, abin da aka ce masa ya yi. Haladu da kwamitinsa nake nema. Su fito ranar kasuwa, rana tsaka, sankira ya yi shela, su ambaci cikakken sunana, su ce Malam Jatau Barmo yana raye, su ba ni haƙuri a gaban jama'a. Kuma Haladu da kansa ya miƙo hannu mu gaisa, kowa ya gani.