Rasuwar Dogon Ido, Madubin Hangen Baba Kura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da har yau bai daina ciwo ba, Baba Kura na Roni yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kazaure da Gwiwa da Babura, har Kanya Babba, rasuwar madubinsa na hangen nesa, wanda aka fi sani da Dogon Ido. Ya cika ranar Talata da hantsi a tsakar gida, cikin kwanon ruwan zafi, bayan doguwar jinyar da shi kansa bai san yana yi ba.

Ga wanda bai sani ba, tun zamanin Turawa Baba Kura ne mai ganin jinjirin wata a Roni. In aka hau dutsen yamma da gari a ƙarshen Sha'aban, kowa sama yake kallo amma kunnensa na wajen Baba Kura. Sai ya ce ga shi can ake zuwa gaban alƙali, a buga bindiga, mata su fara shirin sahur. Ba shi da sarauta, gonar gyaɗarsa ma ba abin a zo a gani ba ce, wannan ganin shi ne duk girmansa. To, sai ido ya fara yana. Bai gaya wa kowa ba, amma kowa ya sani tun ranar da ya tsaya ya gaida rumbu har da tambayar iyali. Ga kuma Lauwali, wani makiyayi mai ido kamar na shaho, ya fara matsowa sahun gaba a kan dutse.

A shekarar da gwamnati ta mayar da motoci hannun dama, Baba Kura ya hau mota zuwa Kano. A kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, aka ajiye masa madubai biyu. Gajeren na kallon ƙasa ne, yana nuna komai a tsaye yadda Allah ya yi shi. Dogon na kallon sama ne, Kwaran kuma ya gargaɗe shi cewa a kife yake nuna abu, tunda taurari ba su da kai balle ƙafa. Baba Kura ya ce shi bai baro Roni don ya sayi gajeren abu ba, kuma wata ai ba a ƙasa yake ba. Aka naɗe masa dogon da ƙafafunsa uku.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya ci ba ya sha, bai taɓa neman batir ba irin na rediyo. Maganarsa duka ba ta wuce “ƙiiii” in an juya shi, da “ƙwas” in an rufe masa ido. Aibunsa ɗaya, wanda ba ma ɓoyewa ko da yake ya riga mu: bai taɓa ganin duniya daidai ba. Ranar da aka fara gwada shi, Baba Kura ya hango shanun Lauwali duk ƙafafu a sama, nan take ya aika ruga da ta'aziyya. Ɗan aike ya tarar da su suna kiwo lafiya lau. Da watan azumi ya kama, marigayin ya nuna shi sarai, amma a kife kamar hula. Alƙali ya tambayi ina ƙahonsa suka dosa, Baba Kura, da ba ya ƙarya, ya ce ƙasa. Aka ba shi haƙuri, aka karɓi shaidar Lauwali. Wannan azumin, Baba Kura ya yi shi da ɗacin rai.

Ya juya madubin gaba ya juya baya, a banza. Daga ƙarshe ya ga tunda marigayin ya ƙi juyuwa, shi zai juya. Shekarar da ta biyo ya kwanta rigingine a bakin dutse, maƙwabcinsa Mamuda ya riƙe masa ƙafafu, kansa yana reto, rawani ya warware ya bi gangare. Ya sa ido, sai ga wata a zaune daram. Tun daga nan shekara da shekaru mutanen Roni suke ɗaukar azumi da shaidar mutumin da ke rataye, ba kuwa wanda ya taɓa yin dariya sai ya isa gida.

Ciwon ajali ya fara bara. Baba Kura ya leƙa ya ce madubin ya soma gani dishi-dishi. Ya kira Mamuda ya duba. Mamuda ya leƙa, ya hango har akuyar da ke tsaye a kan katangar wani gida a hanyar Kazaure, ya ɗago ya ce lallai akwai dishi-dishi. Liman ya leƙa ya ce haka ne. Lauwali kansa, da aka yi zaton shi ne zai fasa ƙwan, ya durƙusa ya ce, “Baba, wannan abu ya tsufa, sai dai addu'a.” Wa zai dubi dattijo ya ce masa idonka ne? Haka gari guda ya haɗu ya ɗora wa lafiyayye ciwo.

An yi iya ƙoƙari. An sa masa kwalli safe da yamma. An ɗiga masa nonon mai jego. Gumsu, uwargidan Baba Kura, ta dirje masa ido da toka da yashi yadda take wa tukunya, daga nan ne dishi-dishin ya zama na gaske. Ranar Talata aka yanke shawarar yi masa gashi da ruwan zafi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “tas.” Baba Kura ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da fari ya cinye masa gyaɗa, kuma duk wanda ke wurin ya san ba gilashi kawai yake wa kuka ba.

Marigayin ya bar ƙafafu uku, waɗanda Gumsu ta riga ta fara shanya ganyen kuka a kansu, da murfi guda, da akwatin da kaza ke kwanci a ciki. Ya bar ɗan uwansa gajere a Kano, wanda ba a taɓa zumunci da shi ba.

Liman ya ce babu wanka babu salla, amma bai hana rakiya ba. Za a binne shi a gindin dutsen yamma ranar ashirin da tara ga Sha'aban bayan la'asar, kansa a ƙasa, ko Allah ya sa ya ga kabarinsa daidai. Daga nan za a hau dutse a jira magariba kamar kullum, Baba Kura a gaba, a tsaye da ƙafafunsa. Mamuda ya huta.

Duk wanda zai karanta wa Baba Kura wannan sanarwa, ya tsaya a nan. Sauran jama'a, iyali suna roƙon arziki: a bar wa Lauwali wuri a daman Baba Kura, dab da kunnensa. Wanda ya riga ganin wata ya haɗiye maganarsa, ya dubi ƙasa, har sai Baba Kura ya ɗaga hannu ya ce ga shi can.