Alluna Takwas a Gindin Katangar Inna Kubura

Jama'a, yau da safe na ci alwashin ba zan ɓata rai ba, tunda an ce ranar murna ce, sha biyu ga watan Yuni, Ranar Dimokuraɗiyya. Da wannan kyakkyawar niyya na tura babur ɗina gidan mai na shiga layi. Awa uku ina tsaye. Sai da ya rage mutum biyu a gabana, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce inji ya yi zafi. A bayana kuwa rediyon wani mai keke na ta karanto tarihi, wai a rana mai kamar ta yau, a shekarar 1993, talakawan ƙasar nan suka yi dogon layi suka zaɓi abin da suke so, daga baya aka ce musu ba a yi ba. Na ce ashe tarihi muke rayawa a gidan man nan ban sani ba. Na juya babur na turo shi gida, ina gumi kamar wanda ya yi dambe.

Ina isa bakin lungunmu a Gwallaga na tarar da rumfuna da fararen kujeru da makaɗa, an toshe hanya. Wani mai baƙin tabarau ya tare ni da tafin hannu.

"Malam, ina katin gayyata?"

Na ce, "Gidana ne can, mai koriyar ƙofa."

"Ko ɗakinka ne sai an tashi."

A nan na tuna. Ai yau ce ranar aza mana harsashi.

Bari in warware wa wanda ba ɗan unguwa ba. Lungunmu gangare ne, duk ruwan da aka yi a saman unguwa ta nan yake bi, kuma a ƙarshen gangaren ba abin da yake fara duka sai bayan ɗakin Inna Kubura mai masa. Ɗakin ƙasa ne, marigayi mijinta ya gina da hannunsa. A ciki take kwana, a ƙofarsa take dasa tanda, da masar nan ta aurar da 'ya'ya huɗu. Kowace damina ruwa na gutsurar gindin katangar, har yanzu ta rame daga ƙasa, mutum na iya cusa hannu har gwiwa. 'Yarta da ke aure a Ƙofar Ran ta yi ta roƙonta ta koma can, ta ce ita ba ta barin ɗakin Malam sai a makara. Abin tsoron shi ne kada katangar ta amsa mata wannan magana.

To, shekara tara ke nan da manya suka ji kukanmu, Allah Ya saka musu, suka ce za a yi mana magudanar ruwa. Kuma ku shaida, ba su taɓa mantawa ba. Duk Ranar Dimokuraɗiyya sai sun zo sun aza harsashi. Da a ranar ashirin da tara ga Mayu ake yi, da aka matsar da dimokuraɗiyyar gaba da sati biyu, sai aka matsar da magudanarmu tare da ita. Shekarar kullen korona ce kaɗai muka huta. Manya uku ne suka gaji juna a kan aikin, ba sa ga maciji da juna, amma a kan magudanar nan bakinsu ɗaya.

Tsarin ba ya canzawa. A ari bulo shida wurin Babayo magini, a jera su. A kawo shebur an ɗaura masa jan ƙyalle, a farke buhun siminti ɗaya. Mai Girma ya ɗebi cokali guda ya shafa, a yi tafi, a yaye mayafi daga kan sabon allon dutse mai ɗauke da sunansa. Da yamma Babayo ya kwashe bulonsa. Allo kuwa dole a sake sabo duk shekara, domin muƙaman Mai Girma ƙaruwa suke kamar ƙwan zabo, na bara ba ya ɗaukar na bana. Sai a tumɓuke tsohon a jingine shi a bayan ɗakin Inna. Guda bakwai ta tara. Ɗaya tana shanya tattasai a kai, ɗaya shi ne murfin akurkin kajinta.

Na jingine babur na tsaya a rana na sha jawabi. Mai sanarwa ya ɗauki minti goma yana karanto sunan baƙonmu: Mai Girma Garkuwan Lunguna, Sarkin Shebur, Zakin Yanka Ƙyalle, Uban Marayun Da Ba A Haifa Ba Tukuna. Ya miƙe ya ce a rana mai kamar ta yau magabata suka sadaukar da kansu, don haka mu ma mu ƙara haƙuri. Ya ce yana tare da talaka a cikin ruwa da iska. Ya ce ba ya iya barci idan ya tuna da gwauruwar nan mai masa. Na dubi wuyansa na ce lallai rashin barci na karɓar wasu.

Daga nan aka kamo hannun Inna aka kawo ta gaba, domin ita ce ake ɗaukar hoto da ita duk shekara tana godiya. Bana sai ta ƙi kallon mai hoto.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, taku goma ne kawai. Zo ka ga katangar da idonka."

Mudassir, mai riƙe wa Mai Girma jaka, ya yi wuf ya shiga tsakani yana murmushi.

"Inna, ai katanga tana cikin kashi na biyu na aikin. Yau kashi na ɗaya muke ƙaddamarwa."

"Bara ma haka ka ce mini, ɗan nan."

"To kin gani? Ba mu canza magana ba."

Aka ɗora mata turmin atamfa mai hoton Mai Girma a hannu, makaɗa suka ɗauka, jiniya ta yi kuka, kafin azahar lungu ya koma namu. Aka bar mana robobin ruwa da buhun simintin da aka farke, wanda ba mai son ya ɓata masa mota.

Na shiga da babur ke nan sai na ga gabas ta haɗe, baƙi ƙirin. Babayo na tsugune a bayan ɗakin Inna, ya zo kwasar bulonsa amma ya tsaya yana ƙwanƙwasa katanga da cokalin gini. Ƙasa na zubowa.

Ya ce, "Malam Bakari, wannan ba za ta ga ruwa biyu ba. In na yau ya yi ƙarfi, ko ɗaya ma."

Inna na tsaye riƙe da atamfarta. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba da manya kaɗai ba, har da ni kaina. Shekara tara ina rubuta muku ƙorafi a wannan fili, ban taɓa ɗaukar ko kwanon ƙasa na zuba a gindin katangar tsohuwar nan ba, alhali da masarta nake karya kumallo.

Na ce, "To bulo shida ɗin nan fa?"

"Bulo shida ko tsayin kamu uku ba za su rufe ba, kuma ruwa cinye su zai yi." Ya juya zai tashi, sai idonsa ya faɗa kan allunan da ke jingine. Ya matsa ya ɗaga guda, ya auna kaurinsa da yatsu, ya buga shi da cokali ya saurara. "Kai, wannan dutse ne na gaske. Ruwa ya shekara ɗari yana dukansa ba abin da zai yi masa."

Da tsohuwar zuma ake magani. Muka kwashe tattasai, muka saki kaji. Babayo ya haƙa rami siriri a bin katanga, muka riƙa tsayar da allunan ɗaya na bin ɗaya, yana cika bayansu da duwatsu, yana liƙe tsakaninsu da simintin Mai Girma. Maƙwabta suka fito, wani da baro, wani da yashi a buhu, mata na miƙo ruwa. Manyan nan uku da ba sa zama inuwa ɗaya, yau ga su a kan alluna kafaɗa da kafaɗa. Sai da muka zo kusurwa, daidai inda ruwa ke fara duka, alluna suka ƙare. Gurbin guda ɗaya cif ya rage.

Duk muka juya muka dubi allon bana, yana sheƙi a bakin lungu, simintin gindinsa ko bushewa bai yi ba. Shi ne ma mafi faɗi, albarkacin sababbin muƙamai.

Inna ta ce, "Ku ɗauko shi. Ai ya ce don ni aka yi."

Babayo na cikin liƙe shi Mudassir ya dawo a guje, ya manta shebur mai ƙyalle, ga shi gobe akwai wani harsashin a wata unguwa. Ya tsaya ya karanta katangar daga farko har ƙarshe, bakinsa a buɗe.

"Inna, me ke nan? Sunayen manya a cikin ruwan kwata? Kin san abin da wannan zai jawo?"

Ta ce, "Ɗan nan, ɗazu a gabanka ya ce yana tare da ni a cikin ruwa da iska. Shekara tara suna faɗin haka, ban taɓa ganinsu ba. Yau ga su nan. In ka ga ƙarya ya yi, ciro shi ka kai masa."

Mudassir ya dubi allo, ya dubi sama, ɗigon farko ya sauka a kan hularsa. Ya rungume shebur ɗinsa ya ruga mota.

Babayo ya rufe aikin da ledar rumfa da aka bari, aka danne da bulo shidan nan. Da la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a zaurena muna kallo, ruwan ja-ja ya gangaro ɗauke da sharar unguwa, ya daki kusurwa, ya daki Sarkin Shebur a tsakiyar muƙamansa, ya karkata ya bi hanya. Awa ɗaya da rabi ana yi. Da aka ɗauke muka je muka duba, katanga na tsaye, ko ɓarɓashi bai zubo ba. Inna ta dafa ta da tafin hannu ta daɗe a haka, sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce a zo da sassafe, masar gobe sadaka ce.

Don haka yau ba ƙorafi na kawo ba, godiya ce. Masu cewa alkawarin manya ba ya tare komai su zo Gwallaga su gani, ya tare ruwa. Sai dai Babayo ya zagaya ya auna ɗaya ɓangaren ɗakin, ya ce shi ma ya fara ramewa, allo uku zai ci. Muna roƙon Mai Girma kada ya gaji, ya dawo baɗi, kuma masu naɗa shi sarauta su ƙara himma, ko ma samu a rufe da biyu.