Jatau Mai Gadin Kogi

A can arewa akwai wani kogi da aka hana kamun kifi da farauta a cikinsa, sai dai baƙi su zo wanka, su hau kwalekwale, su kalli tsuntsaye. A bakinsa Jatau yake zaune da matarsa Delu da 'ya'ya cike da ɗaki. Jatau mutumin kirki ne, sai dai in ka ce ya zauna, to, har sai ka dawo. Da ƙyar Delu ta roƙa masa aikin gadi wurin Sarkin Ruwa Nomau, shi ne abincin gidan.

Wata rana Nomau ya ce, "Kada kowa ya fita da komai na kogin nan." Baƙi suka fito daga wanka, Jatau ya tare hanya.

"Ku matse kayanku a ciki. Ruwan ma na kogi ne."

Har gemun wani dattijo sai da aka matse.

Wata rana kuma aka ce ya yi shiru kada tsuntsaye su tashi. Igiyar kwalekwale ta kwance, yana kallo kwalekwalen ya tafi, ko tari bai yi ba. A ƙasa baƙi suka koma gida ta cikin ƙaya.

Nomau ya fusata. "Ka sake ɗaya, ka bar aikin nan!"

Delu ta yi kuka sosai, don ba komai a rumbu.

Wata rana da damina Nomau ya ga ledoji a gaɓa, ya ce, "Duk abin da ba na kogi ba, kwashe shi ka kai tudu." Wasu baƙi sun kafa tantuna a kan yashi sun tafi yawo. Jatau ya tuge tantunan, ya haɗa da tukwane da bargo, har wata tsohuwa da aka bari tana gyangyaɗi ya goya, ya kai su duka tudu.

Baƙi suka dawo suna zagi, Nomau ya buɗe baki zai kore shi, sai aka ji ruri. Ruwan da aka yi a duwatsu ne ya sauko, ya shafe yashin kaf.

Tsohuwa ta riƙa sa masa albarka. Nomau ya ce, "Jatau, aikinka na nan har tsufa. Yaya ka sani?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba. Tsohuwar nan dai ba ta kogi ba ce."

Delu ta rangaɗa guɗa, ta juyo ba ta ga mijinta ba. Yana gonar maƙwabci da kogi ya malala ciki, riƙe da ƙwarya, yana mayar wa kogi ruwansa.