Ranar da Na Yi wa Mai Kemis Talla

A shekarun da sai an caje mutum kafin ya shiga masallacin Juma'a, mun hana yaranmu yawo, suka koma zaman lungu. Dattawan Tudun Wada suka ce a ja musu kunne kan shaye-shaye. Na ce a bar mini, ai na yi aji huɗu.

Gaskiya jikana Habu nake jiye wa tsoro, shi ya sa da na tara yaran na zaunar da shi a gaba. Na ɗaga kwalbar maganin tari, na karanta sunanta da ƙyar, na ce, "Kada in ga ɗayanku a kemis ɗin bayan tasha, wanda ba ya tambayar takardar likita!"

Ban taɓa ganin yara sun natsu haka ba. Har na gyara hula.

Habu ya ce, "Tsoho, mai koriyar ƙofa ko na kusa da mai faci?"

Na kuwa amsa masa.

Wata biyu ina binsa ina shinshinar bakinsa. Shi Allah ya kiyaye. Abokansa biyu kam sun gane ƙofar, kuma iyayensu ba su manta wanda ya yi kwatance ba.

Har yau in na gifta majalisa sai in ji, "Baba mai talla, an buɗe sabon kemis fa!"